Bindigar iska ta gasar saiti: ta famfo, ta gas ko ta silinda, wacce za ta iya da zafin Kabi?

Tun da hoton Baturken nan Yusuf Dikeç ya karaɗe wayoyi lokacin gasar Olamfik ta Faris a 2024, yana tsaye hannu ɗaya a aljihu ɗayan kuma riƙe da ƙaramar bindiga, samari da yawa a Birnin Kebbi suka gane ashe harbi ma wasa ne da ake cin lambar yabo da shi. Azurfa ya ci, shi da abokiyar wasansa Şevval İlayda Tarhan. Abin da galibi ba a lura da shi ba, bindigar da ke hannunsa ba ta cin albarushi. Iska ce ke tura 'yar ƙwayar dalma mai kaurin milimita 4.5 zuwa allon saiti da aka kafa a nisan mita 10.

Daga kallon wannan sai yaro ya zarce YouTube, ya ci karo da Amurkawa zaune a gareji gaban inji suna ɗura harsashinsu da hannu, ya ɗauka duk tafiyar ɗaya ce. Hanya biyu ce daban, kuma gara a raba su tun kafin a zo maganar abin da za a saya.

Masu ɗura harsashi da kansu galibi 'yan wasan harbin gudu ne, irin wanda ƙungiyar IPSC ke shiryawa tun da aka kafa ta a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri. Mutum guda yakan harba dubban harsasai a shekara wajen atisaye kawai, don haka tsince kwanson da ya faɗi a sake cika shi yana rage masa kuɗi sosai. Akwai kuma dalili na biyu. A gasarsu ana auna ƙarfin harsashin kowane ɗan wasa, a ninka nauyin kan harsashi da gudunsa, in lissafin bai kai 125 ba makinsa ba ya shiga. Kowa na so nasa ya haye wannan layi da ɗan kaɗan, don bindiga ta rage bugu a hannu. Aiki ne mai son natsuwa, domin wanda ya shagala ya zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya, bindiga na iya tarwatse masa a hannu. Wanda ya manta bai zuba ba kuwa, kan harsashi ya maƙale a bututu, na bayansa ya zo ya tarar da shi.

A Nijeriya wannan ƙofa a rufe take. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba masu albarushi cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake riƙe su, ta kuma hana ƙera harsashi ko harhaɗa shi in ba a ma'ajiyar makaman gwamnati ko masana'antar soja ba, irin DICON da ke Kaduna tun 1964. Wanda aka kama da haramtaccen makami, ɗaurin da ke jiransa ba ya gaza shekara 10. A jihar da mutanen Danko-Wasagu da Sakaba da Augie suka san abin da bindiga ta yi musu, ban ga mai hankalin da zai nemi a sassauta wannan don wasa ba. Kuma mai burin Olamfik bai rasa komai ba. Duk wasannin ƙaramar bindiga da ake yi a can, babu wanda ake ɗura harsashi da hannu: na mita 10 iska ce, na mita 25 kuwa ƙaramin harsashin nan ne mai lamba .22, wanda kamfanoni irin su Eley na Ingila da Lapua na Finlan ke yi, ba a kuma sake cika kwansonsa.

To amma kar wani ya ce tunda iska ce, abin wasan yara ne a idon hukuma. Dokar ta lissafa bindigar iska, doguwa da gajera, cikin makaman da sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Shigo da ita daga waje ma yana da nasa takardun, har da takardar shaidar wanda zai yi amfani da ita daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai, saboda haka matakin farko shi ne a je hedikwatar 'yan sanda ta jiha a ji inda aka kwana. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta ƙungiya: ko ta hukumar wasanni ta jiha da Hukumar Wasan Harbi ta Nijeriya, ko ta rundunonin da suke da 'yan wasan harbi nasu. Da masu wannan hali nake magana, koci ko jami'i ko shugaban kulob da aka ce ya kawo sunan abin da za a sayo.

Kafin a auna bindigogin, a san aikin da za su yi. Harbi 60 ne cikin minti 75 idan allon lantarki ne, a tsaye, da hannu ɗaya, ba madubi ba jingina. Da'irar maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne, bai kai farcen babban yatsa ba. Hukumar wasan harbi ta duniya, wato ISSF, ta ce bindiga kar ta wuce giram 1,500, kunamarta kar ta tashi da nauyin da bai kai giram 500 ba, kuma dole ta shige akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗi 200, kauri 50. Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci maki 594 cikin 600 a 2009, kuma a manyan gasa sai mutum ya kai wajen 580 yake sa ran shiga zagayen ƙarshe. Abin lura a nan, duk bindigar gasa mai lafiya, in aka ɗaure ta a matsi aka harba, ƙwayoyinta cikin wannan 'yar da'ira za su taru. Tazarar da ke tsakanin mai cin 480 da mai cin 560, a hannu take da ido da numfashi. Saboda haka tambayar da ta dace da mu ba wacce ta fi saiti ba ce, a'a, wacce ce za ta ci gaba da harbi a Afrilu, a kuma watan Agusta, ba tare da an jira kaya daga Legas ba.

Ban da ta famfo da ta gas da ta silinda, akwai kuma ta sifirin, wadda sifirin ke tura fistin ya matse iska, amma ita ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Feinwerkbau 65 ta Jamus, wadda ta fito a 1965, ta yi zamaninta ta ci gasa ba adadi, kuma har yau akwai masu lafiya. Sai dai an daina yin ta, kayan gyaranta sai an tona. Masu arhar da ake karya bututunsu a ɗana kuwa suna zabura a hannu, kunamarsu da tauri, sannan ba a harba su babu ƙwaya a ciki, in ba haka ba fistin ya daki bango ya lalace. Wannan na ƙarshen shi ne babban aibinsu, domin rabin koyon wasan nan danna kunama ne ba harsashi.

Ta gas, wato mai amfani da CO2, ita ce ta fi jan hankalin sabon shiga. Ba famfo, ba gumi, ka sa 'yar kwalbar giram 12 ka yi ta harbi, kuɗinta kuma da dama-dama. Tau 7 ta ƙasar Cek ta horar da yara da yawa a Turai. Matsalar ita ce an yi ta ne don ƙasar da ɗaki ke zama wajen digiri 20. Gas ɗin a cikin kwalba ruwa ne, yana tashi tururi daidai da zafin wurin: a digiri 20 matsinsa kusan bar 57 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), a digiri 30 ya haura 70, da zarar an wuce digiri 31 kuwa ruwan ya ƙare gaba ɗaya, matsi ya yi ta hawa ba linzami. A nan gudumar ciki takan kasa buɗe bawul, ka danna kunama ka ji ɗan tsit, ƙwaya ta fita a gajiye ko ta ƙi fita. Yanzu a tuna daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi da Argungu yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje. Ko a hunturu ba a tsira ba, domin safiyar Janairu mai sanyi da azahar ɗinta ba su da alaƙa, sai ka gyara saiti da hantsi ka tarar ya gudu kafin la'asar. Masu babbar silindar gas da ake cikawa daga tulu kuma sai an sanyaya silindar a firji kafin ta karɓa, sannan a ɗora a sikeli, wato an ɗaura atisayenka ga wutar lantarki. Manyan 'yan wasa sun bar gas tun cikin shekarun 1990, kuma su suna da na'urar sanyaya ɗaki. Ni dai ko kyauta aka ba kulob a Kabi, zan ce a karɓa a gode, amma kar a gina shiri a kanta.

Gasar gaskiya tsakanin biyun da suka rage take, ta silinda da ta famfo.

Ta silinda ita ce abin da za ka gani a hannun kowa a Olamfik: Steyr ta Ostiriya, Morini ta Suwizalan, Pardini ta Italiya, Feinwerkbau da Walther na Jamus. Ƙarƙashin bututu akwai silinda da ake cika da busasshiyar iska har bar 200, sai wata na'ura a ciki ta riƙa sakin awo ɗaya daidai a kowane harbi. Cikawa ɗaya takan ba da harbi sama da 100, ƙwaya na fita da gudun mita 150 zuwa 160 a daƙiƙa. Zafi bai dame ta yadda ya dami ta gas ba, domin iska ba ta zama ruwa. Silindar da aka cika 200 a inuwa, ko ta yi zafin digiri 60 bai fi ta kai 220 da 'yan kai ba, na'urar ciki kuma ta daidaita. Ɗana ta da yatsa biyu ne, ba ka sakin riƙonka. Mariƙinta ana juya shi a karkata shi har ya zauna a tafin hannunka, kunamarta ana daidaita nisa da nauyi da inda za ta tsaya, wasu kamar Morini ma kunamar lantarki gare su mai batir. Akwai maɓallin atisaye da ke ba ka damar danna kunama ba tare da iska ta fita ba. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan ya san dalilin da ya sa ake biyan Yuro 1,500 zuwa sama da 2,000 a kanta. Akwai masu sauƙi irin Hämmerli AP20 da ba su kai haka ba.

Tsadar ba ita ce ta fi damuna ba, iskar ce. Tayar mota bar biyu da ɗoriya take sha, injin mai faci in ya yi ƙoƙari ya kai goma. Bar 200 sai tulun masu nutso a teku, wanda shi ma sai an sami mai injin cika shi, ko kuma famfon hannu na musamman irin na kamfanin Hill da ke Sheffield. Famfon yana aiki, kuma silindar ƙaramar bindiga ba ta da girman da za ta karya mutum, amma yana ɗaukar zafi, sai ana yi ana hutawa, yana kuma da robobinsa da ke cinyewa. Da damina yakan zuƙi iska mai laima ya matse ta, ruwa ya taru. Wanda ke Yauri ko Argungu bakin gulbi ya fi kowa sanin wannan laima. In famfon ba shi da matatar busar da iska, kuma ba a buɗe bawul ɗin zubar da ruwa bayan kowace cikawa, ruwan cikin silinda zai kwana yana cin ƙarfe daga inda ido ba ya gani. Shi ya sa kowace silinda take da kwanan wata a jikinta, ISSF kuma ba ta yarda a shiga gasa da wadda ta wuce shekara 10. Mai sayen ta hannu ya fara duba wannan kafin ya duba kyan mariƙi, domin sabuwar silinda kuɗi ce mai kauri, ba a kuma sa ta a jirgi sai an zubar da iskar.

Akwai wani abu da nake so kowane koci ya faɗa wa yaransa da babbar murya. Na ji wani saurayi yana ba abokinsa shawara da zuciya ɗaya, ya ga yana haki a kan famfo: "Kai ɗan'uwa, mi ya yi zahi? Kai ma mai walda shi cika ma, ai iska iska ta." Abokin ya tsaya yana nazari, don maganar ta yi kama da hikima, tulun mai walda yana da matsi, yana kuma kowace unguwa. Abin da ke cikin wancan tulun iskar oksijin ce zalla, idan ta haɗu da ɗigon mai ko giris a wannan matsi wuta take kamawa nan take, silinda ta fashe a hannun mai riƙe da ita. Tulun asibiti ma haka. Kuma ko da iskar kirki ce, ba a sa bakin mai ko man keken ɗinki ko wani mai da aka samo daga fetur a bakin silinda ko cikin famfo. Giris ɗin silikon kaɗai, ɗan shafe a kan roba.

Ta famfo ɗaya kuwa, injinta a jikinta yake. Ka ja hannun ƙarfe ka buɗe, ka mayar ka rufe, fistin ya matse iskar harbi ɗaya, ka sa ƙwaya, ka harba. Babu sifirin da zai zabura, don haka ba ta motsi a hannu. Babu silinda mai kwanan wata, babu tulu, babu firji. IZH-46M ta Rasha ita ce ta fi suna a wannan aji, kunamarta mai kyau ce ƙwarai, ana kuma iya ɗana kunamar kaɗai a yi atisaye ba iska, sai dai tana da nauyi, wajen kilo 1.3, kuma nauyin gaba yake, mai siririn hannu zai ji a jikinsa. FAS 6004 ta Italiya da Gamo Compact ta Sifen ba su kai kilo ɗaya ba, sun fi dacewa da mata da matasa, gudunsu wajen mita 120 a daƙiƙa. Weihrauch HW40 ta fi su arha, ta isa koyon riƙo da danna kunama, amma mariƙinta ba na gasa ba ne. Kuɗin Steyr ɗaya zai sayi irin waɗannan uku ko huɗu, kuma ga kulob mai yara goma wannan lissafi ba ƙarami ba ne.

Aibinta a fili yake, ba na ɓoye shi. Sau 60 za ka ɗana ta, ban da harbin gwaji, kowane ɗanawa kuma yana cin ƙarfin hannu ya ɗaga bugun zuciya, a wasan da ake neman zuciya ta kwanta. Riƙonka ma yakan ɗan goce duk lokacin da ka matse hannun famfon, sai ka sake zaunar da shi. Ɗan wasan da ya kai matakin neman maki biyu ko uku da za su raba shi da na gaba, wannan gajiya tana iya zama ita ce makin. Ƙarancin gudun wasunsu kuma yakan yage takarda maimakon ya huda ta tsaf, musamman in takardar ta sha laimar damina, sai a yi ta gardamar tara ce ko goma. Maganin wannan a sayi takardar saiti ta ainihi mai kauri, a ajiye ta a leda a ɗaure.

Amma dubi abin da take nema a wurinka: robar fistin, 'yar robar bakin bututu, da ɗigon man da kamfanin ya ambata lokaci-lokaci. Robobin shekara biyu za su shige ambulan guda. Kamar keken hawa take a gidan da babu fetur, ba ta kai mota gudu ba, amma kullum da safe za ta fita. Ka'ida ɗaya ce ba a karyawa, kar a ajiye ta a ɗane da iska a ciki, don robar bawul na gajiya.

Abin da ya yi daidai da ɗura harsashi a wannan wasa shi ne zaɓen ƙwaya, kuma halal ne a doka ga mai lasisi. Ta gasa kanta a shafe yake ba tsini, don ta yanke rami mai da'ira. A ƙarƙashin gwangwani mai guda 500 za ka ga an rubuta 4.49 ko 4.50, wato kaurin kan, da lambar rukunin da aka buga ta. RWS da H&N na Jamus da JSB na Cek su ne sanannu. Masu nauyin giram 0.45 zuwa 0.50 sun fi dacewa da ƙaramar bindiga, musamman ta famfo mai ƙarancin gudu, masu 0.53 kuwa an fi yin su don doguwa. Manyan 'yan wasa sukan ɗaure bindiga a matsi su gwada rukuni daban-daban, wanda ya fi taruwa su saye shi da yawa. Wanda bai kai 540 ba kar ya ɓata kuɗinsa a nan, ƙwayar atisaye mai arha daga kamfanin kirki ta ishe shi. Abin da zai fi yi masa amfani shi ne ya juye kaɗan a farin ƙyalle ya duba gindinsu. Dalma ce mai laushi, gindin kuma siriri ne kamar bakin ƙaramin mazurari, gwangwanin da ya sha girgizar mota daga Legas zuwa Jega za ka ga wasu sun lotse, wasu sun yi baki uku. Lotsattsiya iska na zurarewa ta gefenta, ita ce ke ba ka bakwai ka zargi hannunka. A cusa soso a gwangwani ya danne su kafin tafiya. Wadda ta yi farin gari a jiki ta tsufa, wadda aka harba kuma ba a maimaita ta.

Kula da kayan yana bin yanayin shekara. Da hunturu abokin gaba ƙura ce, kuma mai yawa shi ke kiranta: ƙurar da ta zauna a kan mai takan zama gari mai goge ƙarfe. A share da busasshen ƙyalle, a rufe a akwati da zarar an gama. Mariƙin katako yakan bushe ya ƙanƙance, kusoshi su saki, sai ka ji bindiga na ɗan rawa, a duba su kafin a taɓa saiti. Da bazara kar a bar akwati a but ɗin mota ko ƙarƙashin kwano, zafi na busar da roba ta tsage, hannun mutum ma yakan ɗan kumbura, sai a sassauta madafin ƙasan mariƙi. Da damina tsatsa ce, gumin hannu yana barin shaida a ƙarfe cikin kwana ɗaya, a shafa ɗan mai a waje a goge, a jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani a cikin akwatin. Bututu ba ya son yawan wanki tunda babu toka ta albarushi. In taruwar ƙwaya ta fara buɗewa, a zura zare mai ƙyalle daga baya a ja ta gaba, ko a harba ƙwayar auduga da aka yi don haka. Waya ko sandar ƙarfe in ta ƙwarzane bakin bututu, saitin ya tafi ke nan. Abin da ya wuce shara da mai da ɗaure kusa, gyara ne, gyaran makami kuma doka ta ce sai mai izini, ba makanikin babur ba komai gwanintarsa.

Nauyin kunama yana da gwaji mai sauƙi. A tabbatar babu ƙwaya, a ɗana, a riƙe bindiga bakinta sama, a rataya nauyin giram 500 a tsakiyar kunama da ƙugiyar waya, a ɗaga a hankali daga kan tebur. In ta ɗauke shi ba ta tashi ba, ta ci. Ledar ruwa mai santilita 50 nauyinta kusan haka ne, amma masu ɗurawa ba sa cikawa daidai, a kai wa mai sayar da zinariya ya auna tukuna. Gara a bar kunama a 520 ko 530, domin wanda tasa ta gaza a gwajin bayan gasa makinsa duka ake sokewa.

Sai dalma. Mutanen wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga abin da ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda yara wajen 400 suka rasu saboda ƙurar dalmar da ke cikin dutsen zinariya. Ƙwayar bindigar iska ba ta kai wannan ba, amma dalmar ɗaya ce, kuma jikin yaro ba ya da awon da za a ce lafiya lau ne. A sa akwatin ƙarfe bayan takarda ya tare ƙwaya, a cusa tsumma a ciki don kar ta farfashe. Kar a riƙe ƙwaya a baki, al'adar da masu harbin tsuntsu suka saba. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko alwala, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, kar kuma a yi filin atisaye a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Tarin da aka kwashe, na san masunta za su so shi don nauyin taru da birgi, amma narka shi a murhun gida cikin iyali shi ne abin da ya fi kowanne haɗari.

Idan kulob ne sabo, ko makaranta, ko jami'in da zai riƙa atisaye shi kaɗai a Zuru ko Kamba, ta famfo ɗaya nake ba da shawara, a haɗa da robobin canji tun a odar farko, a sa ragowar kuɗin a ƙwaya da takarda da fitila mai kyau a kan allo. Ta silinda ta cancanci kuɗinta ne idan sharuɗɗa biyu sun cika: ɗan wasa ya zauna a 550 ko sama da haka a atisaye ba sau ɗaya ba, kuma akwai famfo mai matata da mutum guda da aka ɗora wa alhakinsa. A lokacin ma guda ɗaya ta isa, da silinda biyu, a bar wa waɗanda za su fita gasa. Kowacce aka ɗauka, tafiya da ita a akwati mai kwaɗo ne, ƙwaya a jaka daban, lasisi da wasiƙar ƙungiya a aljihun gaba, kuma a shingen bincike kai za ka fara faɗa wa jami'i abin da ke cikin akwatin kafin ya buɗe.